Yadda Ake Gano Matsalar Babur Kafin a Kwance Inji

Babur ɗin da ya fi yawa a titunan Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram ƙaramin inji ne mai silinda ɗaya, wanda girmansa ke tsakanin sisi 100 zuwa 150, wato awon girman cikin silindar da fistin ke hawa da sauka a cikinta, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, domin ba shi da lagireto irin na mota. Bajaj Boxer da TVS da ake shigo da su daga Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, da tsofaffin Honda na Japan, duk a kan wannan tsari aka gina su, shi ya sa wanda ya fahimci ɗaya ba ya shan wahala wajen fahimtar sauran. Ko da yake gwamnatin jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairun 2013, babur bai daina zama abin hawan malamin makaranta da manomi da ɗan kasuwa ba, kamar yadda yake hanyar cin abincin 'yan kabu-kabu a Nijar, saboda haka tsayuwarsa ta yini ɗaya asara ce da gida ke ji a tukunya.

Inji irin wannan yana aiki ne da bugu huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su ingiza fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Daga nan ake gane cewa abu huɗu inji ke nema kafin ya tashi, wato fetur, da iska, da wuta, da matsi, kuma duk babur ɗin da ya ƙi tashi ko ya mutu a hanya ɗaya daga cikinsu ya rasa. Dabarar gyara ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda ya fi sauƙin dubawa kuma ya fi arha, a bar kwance inji ya zama mataki na ƙarshe. Rashin bin wannan tsari ne ke sa a canja koyil da akwatin CDI da kafireta bisa kirdado, a kashe kuɗi masu yawa, alhali filogi ne kawai ya yi datti.

Idan babur ya ƙi tashi, sai a fara da famfon mai, wato ƙaramin mabuɗin da ke ƙarƙashin tanki, a tabbatar yana buɗe, idan kuma man ya yi ƙasa a juya shi zuwa wajen ajiya, wanda ke zuƙo ragowar man da ke can gindin tanki. Bayan haka a zare tiyon da ke kai mai cikin kafireta a ga ko yana zuba sosai, domin idan ɗiga yake yi kaɗan-kaɗan, to tsatsa ko datti ya toshe famfon ko matatar da ke cikinsa. Akwai wata matsala da ke ruɗa mutane da yawa, inda babur zai tashi lafiya ya yi tafiyar 'yan mintoci sannan ya mutu kamar mai ya ƙare, bayan an ɗan jira kuma ya sake tashi. Sau da yawa ƙaramar kafar iska da ke jikin murfin tanki ce ta toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ke fita, sai man ya ƙi sauka. Ana tabbatar da haka ne ta hanyar buɗe murfin da zarar babur ya mutu, idan aka ji ya ja iska kuma injin ya tashi nan take, an gano inda ciwon yake. Da safiyar hunturu kuwa, lokacin da sanyi ke hana fetur saurin zama tururi, jan cok yana rage iskar da ke shiga domin man ya yi yawa injin ya kama, amma wajibi ne a mayar da shi da zarar injin ya ɗumama, in ba haka ba zai sha mai ya kuma baƙanta filogi.

Idan mai yana zuwa, sai a koma kan wuta. Ana cire hular filogi, a kwance filogin da sifanarsa, a mayar da shi cikin hular, a jingina zarensa na ƙarfe da jikin inji nesa da ramin da aka ciro shi, a kunna makulli a buga kik, ana riƙe da robar hular kaɗai. Tartsatsi mai shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce, mai ja ko rawaya yana nuna rauni, idan kuma babu ko kaɗan sai a gwada sabon filogi kafin a zargi wani abu, sannan a bi hular da wayarta, da makulli, da mahaɗan wayoyi waɗanda ruwa da tsatsa ke ci, sai daga baya a kai ga koyil da CDI, wato akwatin da ke tsara lokacin fitar tartsatsi. Tazarar bakin filogi a yawancin waɗannan babura tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8, kuma idan ta buɗe fiye da haka saboda cinyewa tashi yakan yi wuya. Wanda ya ciro filogi ya kamata ya tsaya ya karanta launinsa kafin ya goge shi, domin babu wani ɓangare da ke ba da labarin cikin inji kamarsa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske yana nufin mai da iska sun daidaita. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai danshi da maiƙo yana nufin baƙin mai na haurowa inda ake ƙona fetur. Fari fat kuwa, musamman idan bakin ya fara cinyewa, shaida ce cewa fetur ya yi kaɗan kuma injin yana zafi fiye da kima.

Matsi shi ne na ƙarshe, kuma ƙafa ce ke fara gane shi: kik ɗin da ke sauka sakayau ba tare da turjiya ba yana nuna iska na tsere wa fistin, ko ta ringi da suka cinye, ko ta bawul da ba ya rufewa, ko ta gaskit ɗin da ke tsakanin tof da bulok. Idan aka toshe ramin filogi da babban yatsa aka taka kik a hankali, inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Daga wannan mataki aikin ya zama na bakanike.

Idan aka dawo kan fetur da iska, kafireta ita ce ke gauraya su, kusan kashi ɗaya na fetur ga kashi 15 na iska bisa nauyi, kuma man yana bi ne ta wasu ƙananan kafofi da ake kira jet, waɗanda ƙwayar yashi ɗaya ke iya toshewa. A nan ne illar man 'yan bumburutu ke bayyana, domin man da ya kwana a jarkoki da kwalabe yakan zo da ƙura da ruwa, wani lokaci ma a gauraya shi da kananzir. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin tanki da cikin kwanon kafireta, sai a ga babur yana shaƙewa yana katsewa idan an murɗa totur, ko yana harbi ta salansa. Maganin farko shi ne a rufe famfon mai, a kwance ƙaramin notin da ke gindin kwanon, a tari abin da ya zubo a cikin kwalba mai haske, inda za a ga ruwan ya ware a ƙasa ɗigo-ɗigo. Idan hakan bai wadatar ba sai a kwance kafireta a wanke ta, a busa jet da iska, amma kada a soka musu allura ko waya, domin tagulla ce mai laushi, kuma kafar da ta faɗaɗa ba ta komawa, babur ɗin zai ci gaba da shan mai har sai an canja ta. Idan kuma fetur yana tsiyaya daga kafireta alhali babur na tsaye, to fulot, wato abin da ke yawo a saman man ya rufe hanya idan kwanon ya cika, shi ne ya maƙale ko allurarsa ta cinye.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, masu babur da yawa sukan nemi a matse musu kafireta domin rage shan mai, kuma buƙatar tasu abin fahimta ce. Sai dai inji mai sanyaya da iska yana dogara da isasshen fetur wajen rage zafin cikinsa, kuma idan aka matse shi ya wuce misali zai riƙa zafi, ƙarfinsa ya ragu, bawul ya ƙone, a ƙarshe kuɗin da aka tara a gidan mai ya tafi gareji da riba a kai. Wanda ke son rage shan mai zai fi samun biyan buƙata ta hanyar tsabtace matatar iska, da cika iskar taya, da gyara birkin da ke riƙe wili, da daidaita silo, wato ƙaramin gudun da inji ke yi idan babur yana tsaye.

Matatar iska ta cancanci dogon bayani, domin a ƙasar da hazon hunturu ke sauka tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, kuma hanyoyin ƙauye da yawa burji ne ko turɓaya, ita ce ke tsakanin inji da mutuwa da wuri. Ƙurar da ta wuce ta takan haɗu da maiƙon da ke jikin silinda ta riƙa gugar ƙarfe kamar yadda yashi da toka ke cin gindin tukunya wajen wanki, sai ringi da bulok su cinye tun babur bai tsufa ba. Matatar iri biyu ce. Ta soso ana wanke ta da kananzir, a matse ta tsakanin tafin hannu biyu ba tare da murɗewa ba don kada ta yage, a bar ta ta bushe, sannan a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta a sake matsewa har ya bi ko'ina ba tare da tana ɗiga ba, domin wannan maiƙon ne ke kama ƙura, soso busasshe kuwa barinta yake ta wuce. Ta takarda ba a wanke ta kuma ba a sa mata mai, ana kakkaɓe ta ne, idan ta toshe a canja. Matatar da ta toshe tana hana iska shiga, sai babur ya rasa ƙarfi ya riƙa baƙin hayaƙi, wannan ne kuma ke sa wasu su cire ta gaba ɗaya su yi murna cewa babur ya buɗe, alhali babu ɓarnar da ta kai wannan a cikin duk abin da ake yi wa babur da sunan gyara. A lokacin hunturu dubawa duk mako bai yi yawa ba, kuma ya kamata a haɗa da robar da ke tsakanin akwatin matatar da kafireta, domin idan ta tsage ƙura za ta bi ta nan ko da matatar sabuwa ce.

Baƙin mai a babur aiki uku yake yi a lokaci guda, domin shi ke shafe inji, shi ke shafe giya, kuma a cikinsa kuloci ke wanka, ga shi yawansa bai wuce kimanin lita ɗaya ba, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Saboda haka yana saurin gajiya fiye da na mota. Ana duba shi ne babur yana tsaye cak a kan babban jak a wuri mai lebur, bayan inji ya huta na 'yan mintoci, a goge sandar awo a mayar a sake cirowa, man ya kasance tsakanin zane biyu. Littattafan kamfanoni sukan ba da tazarar kilomita dubu kaɗan tsakanin juye da juye, amma babur ɗin da ke yini yana ɗaukar kaya cikin ƙura da zafi ya fi dacewa a juye masa tun bai wuce kilomita 1,500 ba, kuma a juye da ɗumin inji domin dattin ya biyo man. Mai lamba 20W-50 shi ne aka fi amfani da shi a wannan yanayi, kuma alamar JASO MA a jikin gora tana nuna an yi shi ne domin babur mai kuloci a cikin mai, saɓanin wasu mayukan mota da ke ɗauke da sinadarin rage gogayya, waɗanda ke sa kuloci santsi. Jabun mai da ake ɗurawa a tsofaffin gorori ya yawaita, don haka mai saye ya duba hatimin murfi, a fasa a gabansa, ya kuma guji man awo da ba a san asalinsa ba. Wajen mayar da notin juye ana fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana, domin jikin inji na alminiyom ne, zarensa kuma saurin cinyewa gare shi.

Hayaƙi da ƙara su ma suna magana. Hayaƙi mai shuɗi na nufin baƙin mai yana ƙonewa, kuma idan da safe kaɗai yake fita sannan ya ɗauke, robar bawul ce ta fi zama abin zargi, idan kuma yana ƙaruwa da murɗa totur to ringi ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, farin tururi na ɗan lokaci da sanyin safiya kuwa ba ciwo ba ne. Ƙaramar ƙara mai kama da ƙyas-ƙyas daga saman inji yawanci tazarar bawul ce ta buɗe, tazarar da a irin waɗannan babura takan kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.10, kuma ana saita ta ne inji yana da sanyi, da siririn ƙarfen awo. Bakanike da ke matse bawul har ƙarar ta ɓace ɓat domin ya faranta wa mai babur rai yana cutar da shi ne, domin bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya rufewa idan ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, sai tashi ya yi wuya bayan an yi tafiya, daga baya bawul ɗin ya ƙone. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa idan an ɗora kaya, yana nuna konrod ko boris ɗin karanshaf sun tafi, kuma a nan ya kamata a kashe babur a tura shi, domin kowace tafiya ƙara faɗin gyaran take yi.

Sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, tana buƙatar sassauci na kimanin milimita 20 zuwa 30 idan an ɗaga tsakiyarta da yatsa, kuma da yake ba ta cinyewa daidai wa daida, ana juya wili ne a nemo inda ta fi ɗaurewa a yi awo a wurin. Wadda ta yi sako-sako tana dukan kwanonta tana iya zamewa ta kulle wilin baya ana cikin gudu, wadda aka ɗaure tamau kuma tana cin boris da sifoket. Wajen ja ana daidaita zanen da ke ɓangarori biyu na ƙafar baya domin wili ya tsaya saiti. Idan haƙoran sifoket sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, sai a canja sarƙar da sifoket biyun tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsohon sifoket ba ta daɗewa. Kuloci kuwa, idan inji na kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, santsi yake yi, kuma kafin a yanke hukuncin canja faranti ya kamata a duba ko kebur ɗin yana da ɗan sassauci a hannu, tunda kebur da aka ja sosai yana riƙe kuloci a buɗe. Idan kuma giya tana wuyar shiga kuma babur yana jan jiki ko an kama hannun, sassaucin ne ya yi yawa.

Birkin yawancin waɗannan babura na kwano ne, inda shu biyu ke buɗewa su matse cikin kwanon wili. Ana ƙara masa ƙarfi ta notin da ke ƙarshen sanda ko kebur, a bar wa fedar baya sassaucin milimita 20 zuwa 30, sannan a juya wili a tabbatar ba ya riƙewa, amma idan notin ya kai ƙarshen zarensa ko aka fara jin ƙarfe na gugar ƙarfe, shu ya ƙare, ƙarin ɗauri kuma ba zai dawo da shi ba. Al'adar da wasu ke da ita ta kwance birkin gaba saboda tsoron kifewa haɗari ce babba, domin idan an taka birki nauyin babur gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Iskar taya ana auna ta ne da geji taya tana da sanyi, kimanin psi 25 a gaba da 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, ba da ƙwanƙwasa ko matsawa da yatsa ba, kuma lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan alamar DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1522 yana nufin mako na 15 a shekarar 2022, abin da ke taimaka wa mai saye ya guji tayar da ta bushe a shago. Tub da ya sha faci a wurare da yawa, ko wanda ya yage kusa da bawul, canji yake so.

Batir mai bolt 12 idan ya cika yakan nuna kimanin 12.6 a mita, idan kuma inji yana aiki ya kamata ya haura zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka caji ba ya shiga, sama da haka kuma rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da inji ke samarwa, ta lalace, alamarta ita ce yawan ƙonewar ƙwan fitila da ƙafewar ruwan batir. Batir mai ruwa tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ko ruwan rijiya ba. Fiyus da ya ƙone ana maye shi da mai lamba irin tasa, domin naɗa masa waya ko takardar sigari na nufin an bar wayarin duka ya ƙone a madadinsa.

Idan bincike ya tabbatar cewa sai an buɗe inji, mai babur yana da haƙƙin ya ga abin da aka ciro da idonsa, a nuna masa karcewar da ke cikin bulok ko tazarar da ringi suka bari, ya kuma karɓi tsofaffin kayansa bayan an gama. Sa sababbin ringi a cikin bulok da ya riga ya faɗaɗa ba ya tsayar da hayaƙi sai na ɗan lokaci, don haka ko dai a yi masa borin, wato a gyara faɗin cikinsa, a sa fistin mai girman da ya dace, ko a canja bulok da fistin da ringi tare, da sababbin gaskit. Bayan irin wannan aiki injin yana komawa matsayin sabo ne, yana buƙatar tafiya a hankali na kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, ba tare da murɗa totur har ƙarshe ko ɗora buhuna ba, ana sauya gudu lokaci-lokaci, ana kuma hutar da shi idan tafiya ta yi tsawo. A wajen kilomita 500 sai a juye baƙin man farko, wanda zai fito da ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kayan suka zubar, a wanke matatar man, a sake duba tazarar bawul da ɗaurin notocin tof inji yana da sanyi.